Tarihin Shigar da Kimiyya, Fasaha da Lissafi a Makarantun Agege da Matsayin Ɗan Zango a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

Tun daga farkon wannan ƙarni ake yawan ambaton wasu fannoni huɗu a haɗe, wato kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi, waɗanda a Amurka aka dunƙule sunayensu wuri guda aka kira su STEM a wajajen shekarar 2001. Sunan ne sabo, amma ƙoƙarin shigar da waɗannan fannoni cikin makarantun Nijeriya ya haura shekara ɗari. A wannan maƙala za mu bi diddigin wannan ƙoƙari kamar yadda ya shafi Agege ta Jihar Legas, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango. Dalilinmu na zaɓen Agege shi ne, yaron da aka haifa a Zango yana tashi da Hausa a gida, da Yarbanci da Ingilishin kasuwa a titi, da Larabci a makarantar allo, sa'annan ya tarar da Ingilishi a aji. Tambayar da za mu riƙe tun daga farko har ƙarshe ita ce: a duk lokacin da aka kawo sabon shirin kimiyya, da wane harshe aka yi nufin ya isa ga wannan yaro? Amsar wannan tambaya ta shafi malami da mai tsara manhaja kai tsaye.

2.0 Zangon Agege da Ilimin da Boko ya Tarar

Zaman Hausawa a Legas ya girmi mulkin mallaka. A 1863 ma daga cikinsu ne Gwamna Glover ya ɗebi dakarun da suka zama tushen rundunar 'yan sanda da ta sojan Nijeriya. Amma bunƙasar Agege ta biyo bayan abubuwa biyu ne, jirgin ƙasa da goro. An fara shimfiɗa layin dogo daga Legas a 1896, ya bi ta Agege ya isa Ibadan a 1901, sa'annan ya haɗe da Kano a 1912. A farkon ƙarni na 20 manoman Agege da ƙauyukan kewayenta suka rungumi noman irin goron da a da sai an yi fatauci zuwa Gwanja ake samo shi. Da goro ya samu kusa da tasha, sai fatake suka sauke kaya, zango ya zama gari. Daga baya cinikin shanu da mahauta ta Oko-Oba suka ƙara wa wurin jama'a.

Waɗannan mutane sun zo da iliminsu. Dillalin goro yana ƙirga da ƙwarya, wato ɗari, yana lissafin la'ada da kuɗin dako da asarar da za a yi a hanya, duk da ka. Ya san ganyen da ake lulluɓe huhu da shi, da yawan ruwan da za a yayyafa, da lokacin da za a kwance a tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata saura. Wannan lura ce da gwaji na shekara da shekaru a kan danshi da zafi da ƙwari, ko da yake ba a rubuta ta a littafi ba.

Haka nan a zauren malamai. Duk ɗalibin da ya kai ga babin rabon gado a fiƙihu sai ya ƙware a lissafin kashi-kashi, kuma ta wannan hanya ce rubu'i da sulusi da sudusi da sumuni da ushiri suka zauna a bakin Bahaushe. Wannan gado yana da tushe mai nisa, domin Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara da rubutunsa a kan murabba'an lambobi waɗanda jimlarsu take daidai ta kowace fuska. Ke nan makarantar boko ta tarar da al'umma mai lissafinta da kalmominta. Abin da ya rage shi ne mu ga ko ta yi amfani da su.

3.0 Zamanin Mishan da na Jihar Yamma

Makarantar sakandare ta farko a Nijeriya ita ce ta mishan ɗin CMS da aka buɗe a Legas a 1859. Gwamnati ta kafa Kwalejin Sarki a 1909, da Babbar Kwalejin Yaba a farkon shekarun 1930 don horar da mataimakan likitoci da injiniyoyi da malaman kimiyya, sai kuma Cibiyar Fasaha ta Yaba a 1947. Dukkansu ba su da nisa da Agege, amma a zahiri sun yi wa ɗan Zango nisa, saboda hanyar shigarsu ta bi ta firamaren mishan ne, iyaye Musulmi kuwa suna tsoron abin da zai taɓa addinin 'ya'yansu.

Musulmin ƙasar Yarbawa sun nemi mafita ta hanyar kafa makarantunsu, kuma biyu daga cikin fitattun sun zauna a Agege. Ta farko ita ce Kwalejin Ahmadiyya da aka kafa a 1948, wadda yanzu ake kira Anwarul Islam, kuma tana cikin makarantun sakandare na farko da Musulmi suka gina a ƙasar nan. Ta biyu ita ce Markaz ta Shehu Adamu Abdullahi Al-Ilori, wadda ya kafa a Abekuta a 1952, bayan 'yan shekaru ya dawo da ita Agege, ya tsara karatun Larabci aji-aji da jarrabawa da takardar shaida. Waɗannan makarantu sun rage fargabar addini. Sai dai ta farkon da Ingilishi take koyarwa, ta biyun kuwa da Larabci, kuma yawancin ɗalibansu Yarbanci ne harshensu na gida.

Kafin a ƙirƙiro Jihar Legas a 1967, Agege tana ƙarƙashin Jihar Yamma ne, don haka shirin ilimin firamare kyauta da gwamnatin Obafemi Awolowo ta fara a 1955 ya shafe ta. Ƙofa ta buɗe ga kowa, amma azuzuwan farko da Yarbanci ake gudanar da su. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Sabon Ibadan, ya nuna yadda Hausawan can suka riƙe ciniki da karatun addini, suka yi baya-baya da boko. Zangon Agege da Sabon Ibadan sana'a ɗaya da tsari ɗaya suka haɗa su. Uban da ya san ɗansa zai gaji rumfar goro bai ga abin da zai ƙaru da shi ba a ajin da ba a jin harshensa.

4.0 Manufar Ilimi ta Ƙasa da Tsarin 6-3-3-4

Bayan samun 'yancin kai an yi ta kukan cewa ilimin da aka gada daga Turawa akawu kawai yake haifarwa. Wannan ne ya kai ga Taron Manhaja na Ƙasa da aka yi a Legas a watan Satumba na 1969. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1957, ta shirya littattafan kimiyyar da aka haɗe wuri guda don ƙananan azuzuwan sakandare. A 1976 aka fara shirin firamare kyauta na ƙasa baki ɗaya, a 1977 aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa, a 1982 kuma tsarin 6-3-3-4 ya soma aiki. A Legas kuwa, Gwamna Lateef Jakande, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ya gina azuzuwa masu yawa ya kawo ƙarshen karatun safe da na yamma da ake yi saboda ƙarancin wuri.

Ginshiƙin sabon tsarin shi ne darasin share fagen fasaha a ƙaramar sakandare, inda aka so yaro ya taɓa aikin katako da na ƙarfe da na lantarki da zanen injiniya. Gwamnatin Tarayya ta sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai ta rarraba wa makarantu. Sanannen abu ne cewa da yawa daga cikinsu sun yi shekaru a cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin da za a girka su, babu wutar lantarki, babu kuma malamin da aka horar a kansu. Darasin da aka shirya don hannu ya koma na alli da allo da hadda.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan asara ta kayan aiki. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne sashen Manufar da ya yi magana a kan harshe. Manufar ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen al'ummar da yake zaune a cikinta, daga bisani a koma Ingilishi, kuma bugun 2004 ya ƙayyade cewa a aji huɗu na firamare za a yi wannan sauyi. A Kano ko Katsina harshen uwa da harshen gari abu ɗaya ne ga yawancin yara. A Agege kuwa sun rabu, kuma kalmar "ko" da ke tsakaninsu ta bar zaɓi a hannun makaranta. Makarantar da yawancin malamanta da ɗalibanta Yarbawa ne, ba sai an faɗi abin da za ta zaɓa ba, in ma ba ta tsallake kai tsaye zuwa Ingilishi ba. Inda Hausa ta samu gurbi a manhajar sakandare a Kudu, ta shiga ne a matsayin harshe na biyu don waɗanda ba su iya ta ba. Yaron da ya zo da ita daga gida ba a yi tanadin ya koyi lissafi ko kimiyya da ita ba.

5.0 Ayyukan da Aka Yi a Kan Harshen Koyar da Kimiyya

Wannan giɓi ba rashin kayan aiki a Hausa ne ya jawo shi ba. Tun a ƙarshen shekarun 1940 Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta "Ikon Allah", inda suka bayyana halittu da al'amuran duniya da Hausar da kowa zai fahimta. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta gudanar da shirin kyautata ilimin firamare a jihohin Arewa tare da taimakon UNICEF da UNESCO, wanda ya haɗa da kimiyya da lissafi. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tattara keɓaɓɓun kalmomin kimiyya da lissafi na firamare a harsunan Nijeriya tara, ciki har da Hausa da Yarbanci. A 1988 aka haɗe wannan cibiya da wasu hukumomi aka kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, sa'annan a 1993 aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Aba.

Gwaji mafi shahara shi ne na Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970. An koyar da wani rukunin yara dukkan darussa da Yarbanci har shekara shida, ana koya musu Ingilishi a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai. Sakamakon da aka bayar ya nuna ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, kuma sun yi kyau a sauran darussa. Abin lura a nan shi ne an yi gwajin ne a wurin da malami da ɗalibai harshe ɗaya suke ji. Haka ma makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Jihar Kano ta buɗe a 1977, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa: sun tabbatar da cewa ɗan Bahaushe ba ya kasa kimiyya idan an ba shi malami da ɗakin gwaje-gwaje, amma su ma a tsakiyar ƙasar Hausa suke. Duk waɗannan ayyuka an gina su ne a kan zaton cewa Bahaushe yana Arewa, Bayarabe yana Yamma. Ɗan Zango ya faɗa tsakani.

6.0 Daga 1999 Zuwa Yau

A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. NERDC ta fitar da manhajar shekara tara ta ilimin tushe a 2007, ta sake fasalinta a 2012, inda aka haɗe kimiyya da fasaha da kwamfuta da motsa jiki a ƙarƙashin darasi guda. Jihar Legas ta kawo nata shirye-shiryen: a 2017 ta fara koyar da yara rubuta manhajar kwamfuta a ƙarƙashin CodeLagos, a 2019 kuma ta fara EKOEXCEL, inda aka bai wa malaman firamare ƙananan na'urori masu ɗauke da darussan da aka riga aka tsara. A 2018 jihar ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantunta. Wannan haƙƙin jihar ne, kuma Yarbanci amfani ne ga yaron da zai rayu a Legas, sai dai ya ƙara yawan harsunan da ɗan Zango yake karatu da su ba tare da nasa ya shiga ciki ba.

A ƙarshen 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar harshe da ta ce a koyar da harshen uwa har ƙarshen firamare. Kafin a samar da isassun malamai da littattafai, a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya bayyana janye ta da mayar da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakai, matakin da masana harshe da dama suka nuna rashin amincewa da shi. A shekarar ta 2025 kuma aka sake fasalin manhaja, aka rage yawan darussa, aka sanya sana'o'i kamar girka na'urar hasken rana da gyaran waya da kwamfuta da kiwon dabbobi. Waɗannan sana'o'i ba baƙi ba ne a yankin da ke da mahauta ta Oko-Oba, wanda kuma yake maƙwabtaka da babbar kasuwar kwamfuta ta Ikeja.

7.0 Abin da Wannan Tarihi Yake Nufi a Cikin Aji

Manufa tana iya sauyawa, amma yaro da harshen da yake tunani da shi yake shiga aji. Za mu kawo misalai biyu don mu nuna inda matsalar take.

Na farko, ƙidaya. Bahaushe yana cewa ashirin ba ɗaya ko ashirin ba biyu, wato yana ɗebewa a kusa da cikar goma kawai. Ƙidayar Yarbanci kuwa a kan ashirin-ashirin aka gina ta, kuma ɗebewa ta yi yawa a cikinta: 15 ita ce ashirin ba biyar, 45 kuma hamsin ba biyar, alhali hamsin ɗin kanta sittin ce ba goma. Ingilishi nasa tsarin daban. A kasuwa kuma yaron yana jin ana cewa jaka ana nufin naira 200, ragowar lissafin fam da aka bari tun da aka sauya kuɗi a 1973. Yaron da yake kai-kawo tsakanin waɗannan tsare-tsare kullum yana da ƙwarewar da za a iya gina darasin matsayin lamba a kanta. Idan malami bai san da ita ba, sai ya ɗauki jinkirin yaron wajen amsawa a matsayin rashin ƙoƙari, alhali fassara yake yi a zuci.

Na biyu, kalmomin kimiyya. Kalmar "ƙarfi" a Hausa tana ɗaukar turawa ko ja, da kuzarin da ke cikin abinci ko man fetur, da saurin gudanar da aiki, alhali kimiyya ta bai wa kowannensu suna da ma'auni daban. "Nauyi" tana nufin yawan abin da ke cikin jiki da kuma yadda ƙasa take jan sa. "Zafi" tana nufin ɗumin da ke ratsawa daga wani abu zuwa wani da kuma matakin da ma'auni yake nunawa. "Iska" kuwa ta haɗa wadda muke shaƙa da wadda take kaɗawa da gas, har ma da aljan. Yaron da aka ba shi kalmomin Ingilishi uku ya haddace, a ransa duk "ƙarfi" yake fassara su, don haka zai iya cin jarrabawar hadda ba tare da ya rarrabe su ba. Wannan ba aibin Hausa ba ne, domin mai jin Ingilishi ma yana cakuɗa waɗannan kalmomi a maganar yau da kullum. Bambancin shi ne an san da ruɗaninsa an yi masa tanadi a littafi, na ɗan Zango kuwa malamin da ba ya jin Hausa ba zai ma gano shi ba.

8.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarwari kamar haka, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya saɓa wa koyarwa da Ingilishi:

1. Kowace makaranta a Agege da sauran unguwannin Hausawa kamar Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago ta riƙa rubuta harshen gida na kowane yaro lokacin ɗaukarsa, don mai tsara manhaja ya san adadin waɗanda yake yi wa aiki.

2. A sabunta kundin keɓaɓɓun kalmomin shekarun 1980, a fitar da ƙaramin littafi mai harsuna uku, Ingilishi da Hausa da Yarbanci, a jera shi bisa darussan manhajar yanzu, tare da bayani a kan kalmomi masu ruɗani irin waɗanda muka ambata.

3. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta tura aƙalla malami ɗaya mai jin Hausa zuwa kowace makarantar da 'yan Zango suke da yawa, musamman a azuzuwan farko.

4. A riƙa ɗauko misalai daga sana'o'in unguwa: adana goro don darasin danshi da ƙwari, kilishi don darasin busarwa da ƙwayoyin cuta, la'ada da zakka da rabon gado don lissafin kashi-kashi.

5. A haɗa kai da makarantun Islamiyya da fadar Sarkin Hausawa, domin a can ne iyaye suka fi sakin jiki, musamman a kan karatun 'ya'ya mata.

9.0 Kammalawa

Mun bi tarihin shigar da kimiyya da fasaha da lissafi a makarantun Agege tun daga zamanin mishan har zuwa sauye-sauyen 2025. Mun ga cewa kowane zamani ya kawo wani abu: makarantun Musulmi sun rage fargabar addini, shirye-shiryen 1955 da 1976 sun kawar da kuɗin makaranta, gwamnatin Jakande ta samar da azuzuwa, tsarin 6-3-3-4 ya kawo injuna, shirye-shiryen baya-bayan nan sun kawo kwamfuta. Harshen ɗan Zango da ilimin da ya taso a cikinsa ne kaɗai ba su taɓa shiga lissafi ba, ko a lokacin da manufa take goyon bayan harshen uwa. Hausawa suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Kalmomin suna nan a kundi, misalan suna nan a kasuwa da zaure. Aikin da ya rage a kan masu tsara manhaja da masu horar da malamai shi ne su isar da su hannun malamin da ke tsaye gaban aji a Agege.